Filin Gwaggo: Fijon Baba da Man Rake

 Wannan makon wasiƙu uku suka haɗu a kan magana ɗaya, wato man mota, a filin da aka fi kawo wa kukan aure da na zaman gida. Da farko na so in tura masu su gareji. Da na sake karantawa sai na ga a ƙarƙashin kowace wasiƙa akwai gida: ga gado, ga miji da mata, ga abincin yara. Na koyar da ilimin sinadarai shekaru masu yawa a makarantar 'yan mata, maigidana marigayi kuma direba ne, don haka zan amsa da abin da Allah ya sanar da ni.

*Gwaggo, barka da war haka. Ni malamin firamare ne a Zariya, shekaruna 29. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana Peugeot 504 da ya saya tun ba a haife ni ba. Lafiyarta lau, sai dai shan mai. Tun da aka cire tallafin mai take kafe a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol. Na ga wani bidiyo a waya cewa a Barazil da man rake motoci ke tafiya, wai shi itanol, kuma tsohuwar mota mai kafireta ta fi sauƙin juyawa. Wani bakanike ya ce in kawo kuɗi zai yi mini cikin kwana biyu. Ina so in taɓa ɗan abin da na tara na lefe. Hajiyarmu ta ce kada in kuskura in taɓa motar, Yayata kuma ta ce a sayar a raba kuɗin. Ni kuwa ba zan iya kallon motar Baba tana ruɓewa ba. Yaya zan yi? Ɗanki, daga Zariya.*

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa. Na san abin da ke cin ranka. Maigidana ya yi shekaru yana jan irin wannan mota tsakanin Kaduna da Kano, har yau in na ji ƙarar 504 a titi sai na waiga. Tun 1975 ake haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma da wuya ka sami dangi a Arewa da ba a taɓa kai musu amarya ko mai naƙuda a cikin Fijo ba.

Bidiyon bai yi maka ƙarya ba, rabin labari ya ba ka. Ga sauran rabin.

A 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, Barazil kuwa a lokacin mafi yawan man da take sha daga waje take sayowa. Abin da take da shi a yalwace shi ne rake. A watan Nuwamba na 1975 gwamnatin Janar Ernesto Geisel ta kafa shirin da suke kira Proálcool. Ka lura da yadda suka jero al'amarin. Masu gonaki da masu masana'antun sukari aka fara bai wa rance mai sauƙi su kafa wuraren tace itanol. Aka riƙa gauraya shi da fetur. Aka kafa famfonsa a gidajen mai, aka riƙe farashinsa ƙasa da na fetur. Sai a 1979 motar farko mai shan itanol zalla, Fiat 147, ta fito daga masana'anta. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar na itanol ne. Mai ne ya riga mota zuwa.

Duk da wannan shiri, sai da suka sha wuya. Ɗanyen mai ya faɗi, sukari ya yi daraja a kasuwar duniya, masu rake suka karkata ga sukari, gwamnati ta janye hannunta. A 1989 da 1990 itanol ya yi ƙaranci a gidajen mai, masu motocin da ba sa shan komai sai shi suka rasa ta cewa, suna layi irin wanda muka sani a nan. Jama'a suka juya wa motocin baya shekara da shekaru. Ba su dawo ba sai a 2003, da Volkswagen ya fito da motar Gol mai shan kowanne: ka zuba fetur, ka zuba itanol, ka gauraya, kwamfutar cikinta za ta gane ta daidaita da kanta. Motar Baba ba ta da wannan kwamfuta. In an juya ta an juya ta ke nan. Ranar da ka rasa itanol ka zuba mata fetur, mai zai yi mata yawa, ta riƙa aman baƙin hayaƙi, fulogai su yi baƙi ƙirin su daina ba da wuta.

To, mene ne juyawar kanta? Lita guda ta itanol tana ɗauke da kamar kashi 2 cikin 3 na ƙarfin da ke cikin litar fetur. Fetur yana son iska kusan ninki 15 na nauyinsa kafin ya ƙone daidai, itanol kuwa ninki 9. Saboda haka dole kafireta ta riƙa sakin mai fiye da yadda aka ƙera ta, shi ya sa ake faɗaɗa 'yan ramukan da mai ke bi a cikinta, waɗanda kanikawa ke kira jet. In ba a faɗaɗa ba, inji zai yi ta aiki da ƙishirwa, ya rasa ƙarfi, yana shaƙewa yana mutuwa, zafi kuma ya taɓa bawul. Daga nan sai a sake saita lokacin da fulogi ke ba da wuta. Wannan shi ne aikin kwana biyun da bakanikenka ya faɗa, kuma bai yi alfahari ba, zai iya. Amma shi ne mafi ƙanƙantar aikin.

Itanol yana cin roba irin ta da. Tiyon mai, da robar cikin famfon mai, da 'yan robobin da ke toshe gaɓoɓin kafireta, duk sai an sauya su da irin masu jure masa, in ba haka ba wata rana za su kumbura ko su tsage, mai ya ɗiga a kan inji mai zafi. Yana jan laima daga iska, ruwan da ya sha kuma ya shiga cin ƙarfen kafireta yana barin wani farin gari, ya sa wa tanki tsatsa. Yana wanke dattin da ya daskare a gindin tanki shekara 30 ko 40, ya kwaso shi ya kai wa filta da kafireta su toshe. Su 'yan Barazil sai da suka riƙa shafe kafireta da nikel, cikin tanki kuma da kuza, tun daga masana'anta. Sannan ga sanyi. In ya sauka ƙasa da digiri 15 ko makamancin haka, itanol ba ya saurin zama tururi, mota sai ta ƙi tashi. Kai ka san asubahin hunturu a Zariya. Can Barazil ƙaramin tankin fetur suka riƙa maƙala wa mota a gaba don tayar da ita da safe.

Ba na raina itanol. Mai ne mai kyau, hayaƙinsa ya fi na fetur tsabta, kuma yana jure matsi ƙwarai ba tare da inji ya yi ƙara ba. Sai dai ba za ka ci wannan moriyar ba sai an ƙara wa injin matsi, wato a kankare kansa ko a sauya fistin, kuma ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa.

Yanzu ka ɗauko biro. Masu mota a Barazil suna da lissafin da kowa ya haddace: in litar itanol ta wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin litar fetur, fetur ya fi araha. A ce lita 10 ta fetur ke kai ka Kaduna daga Zariya, to na itanol sai ka tanadi 14 ko 15. In ana sayar da fetur Naira 1,000, sai ka sami itanol a 700 kafin ma ka tashi babu riba babu faɗuwa, ba a fara maganar mayar da kuɗin gyara ba.

Ga tambayar da ya kamata ka yi wa bakaniken tun kafin ka tambaye shi kuɗin aiki: ina zan sha man? Ka bi gidajen mai tun daga Kwangila har Kawo, ba za ka tarar da famfon itanol ba. Tun 2007 Najeriya take da manufa a rubuce ta gauraya fetur da itanol kashi 10 cikin 100, amma famfon itanol zalla irin na Barazil babu shi a titunanmu. Wanda ke ƙasar na masana'antu ne, na masu magani da turare da makamantansu, da yawansa ma daga waje ake shigowa da shi da kuɗin waje, a sayar a duro. Ka je wajen masu sayar da sinadarai ka tambayi farashin lita, ka auna da lissafin nan na kashi 70, za ka ba wa kanka amsa. Garin gyaran gira kada a rasa ido: yau motar tana kafe don mai ya yi tsada, gobe za ta kafe don babu man gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi inji nauyi, wanda ka ambata a gurguje ka wuce. Motar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Matuƙar ba a raba gado ba, Hajiya tana da tumuninta a ciki, Yayarka tana da kasonta, haka duk wani magaji. Ba ka da ikon sa wa dukiyar tarayya guduma ba da yardarsu ba, ko da niyyarka fara ce sol. Kuma kada ka ɗauki maganar Yayarka a matsayin rashin son Baba. Wataƙila tana da buƙatar da ba ta faɗa maka ba. Hajiya kuwa, ina jin ba ƙarfen take karewa ba, abin da ya rage mata na mijinta take kallo a ƙofar gida. Ka sami baffanku ko wani malami da kuke girmamawa, a kira masu sanin mota biyu ko uku su yi mata kuɗi, a raba a takarda. In kana son ta, ka nemi a sa ta cikin kasonka, ka biya sauran a hankali. Kuɗin lefe kuwa ka bar su inda suke. Akwai 'yar mutane da ke jira, da iyayenta da suka ba ka lokaci.

Kafin a kai ga haka, da izinin Hajiya ka yaye tamfol ɗin nan. Mota ba ta son zama. Tsohon fetur yana yin danƙo a tanki da kafireta, batir ya mutu, tayoyi su tsattsage. A zubar da man da ya kwana, a wanke kafireta a saita ta, a sauya fulogai da filtar iska, a duba iskar taya, ka riƙa tayar da ita kowane mako kana ɗan zagayawa. Yawancin tsofaffin Fijo da ake zargi da shan mai, rabin laifin na rashin saiti ne. In bayan an raba gado har yanzu kana son sauya mata abin sha, iskar gas ta CNG ce gwamnati ta sa a gaba tun 2023, kuma mota mai kafireta tana karɓarta ba tare da ta daina shan fetur ba. Ita ma tambayar ɗaya ce, ina wurin ɗurawa mafi kusa da kai. Kuma sai a wurin da aka amince da shi, da tukunyar da aka ƙera don wannan aiki, domin matsin da ke cikinta ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa. A Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar ƙirar hannu ta fashe a gidan gas a birnin Benin, ta raunata mutane.

*Gwaggo, ina gaisuwa. Maigidana manomin rake ne, yana kuma yin mazarƙwaila. Yanzu ya sayo duro biyu da bututun jan ƙarfe, ya ce zai riƙa tsima ruwan rake a bayan ɗakina yana dafawa ya fitar da man da zai zuba wa tsohuwar a-kori-kurarsa da injin ban-ruwa. Na ce masa wannan ai giya ce, ya ce mai ne, wai ban waye ba. Yarana huɗu, ƙaramin yana rarrafe. Ina tsoron abin da maƙwabta za su ce, ina kuma tsoron Allah. 'Yarki, daga yankin Maƙarfi.*

'Yata, ke da shi duk kun faɗi gaskiya, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Abin da zai ɗigo daga bututun nan mai ne, inji zai iya ƙona shi. Kuma shi ne ainihin sinadarin da ke bugarwa a cikin giya, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. A Amurka ma sai an zuba wa itanol na mota ɗan fetur don ya lalace ga mai sha kafin a bari ya fita kasuwa. Hukuncin addini ba nawa ba ne. Malamai da yawa suna bambanta barasar sha da wadda ake aikin asibiti ko na masana'anta da ita, wasu kuma suna tsanantawa, musamman a kan mutum ya tsima ta da hannunsa a gidansa. Ku je tare wurin malamin da shi kansa yake jin maganarsa, ku faɗa masa abin yadda yake ba tare da sakaya ba. Ta fuskar hukuma kuwa, tace barasa aiki ne da ake neman lasisi kafin a yi, kuma ranar da wari ya kai hancin unguwa ba kowa zai tsaya sauraron bayanin mai da inji ba.

Amma ni abin da ya hana ni barci a wasiƙarki shi ne mai rarrafen nan. Itanol yana tafasa a digiri 78, tun ruwa bai tafasa ba, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa. In bututu ya ɗan yi yoyo kusa da murhu, wuta ce za ta tashi, kuma harshenta shuɗi ne mai haske-haske, da rana tsaka da ƙyar ido ke ganinsa. Mutum yana iya takawa ciki bai sani ba. Shi kuma ruwan fari ne tas kamar na randa. Ɗan kaɗan ya isa ya jefa ƙaramin yaro cikin suma, ya zubar masa da sukarin jini, har a rasa shi. Wannan kaɗai ya isa ki tsaya kai da fata cewa ba a cikin gida ba.

Sai dai kada ki tunkare shi da "ka kawo mana giya gida". Namijin da ya zauna ya yi tunanin yadda zai fitar da mai daga gonarsa ba malalaci ba ne, tsadar mai ce ta kai shi bango, kuma ya cancanci ki fara yaba masa. Bayan ya ci abinci ya huta, ki ce ku yi lissafi tare. A manyan masana'antun Barazil, da injinan matsa na zamani da raken da aka zaɓa don sukari, tan guda na rake lita 80 ko kusa da haka yake bayarwa. Shi da duro ba zai kusanci wannan ba. Ruwan da ya tsimu, barasar cikinsa ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Dahuwa ɗaya a duro za ta ba shi abin da kusan rabinsa ruwa ne, alhali wanda motocin Barazil ke sha ya haura kashi 90, sai an maimaita dahuwa ko an kafa doguwar hasumiyar tacewa. Kowace dahuwa itace take ci. Su can tukar raken suke ƙonawa a manyan tukwane har su samar da lantarki. Sannan kowace lita ɗaya ta itanol tana barin sama da lita 10 na ruwan ƙazanta mai wari da tsami, ina zai zubar da shi? Ki tambaye shi tan guda na rake mazarƙwailar nawa yake ba shi, nawa ake sayarwa a kasuwa, lita nawa ta fetur kuɗin za su saya. Ki bar shi ya fitar da amsar da bakinsa. Injin ban-ruwa kuwa, maƙwabtansa da dama sun koma na hasken rana, ya je ya ga nasu ya ji yadda suka ƙare da shi.

In ya ƙi ji, ki kai maganar ga mahaifinsa ko yayansa, ba ga ƙawaye ba. Duron kuma su zauna da amfaninsu, a tara ruwa a ciki.

*Gwaggo, ni ɗan Keke Napep ne a Katsina. Wani yana kawo mana wani farin ruwa a jarka, wai sifirit ne, ya ce in mun gauraya da fetur zai ƙara auki. Ya fi na 'yan bumburutu araha. In gwada?*

A'a, ɗana. Ba ka san abin da ke cikin jarkar ba, mai yiwuwa shi ma mai kawowar bai sani ba. In itanol ne mai ruwa a ciki, zai rabu da fetur ya kwanta a gindin tanki, kuma daga gindin tanki inji ke zuƙa. In kuwa mitanol ne, ɗan'uwansa mai araha, ya fi shi cin roba da ƙarfe, ga shi guba ne: shan kaɗan yana makantarwa ko ya kashe, yana kuma shiga jiki ta fata da numfashi, balle ga mai zuƙo mai da tiyo a baki. Ka tuna Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai mitanol fiye da ƙima daga Beljiyam, motoci suka lalace, aka janye man, layi ya dawo gidajen mai makonni. Wancan ma jiragen ruwa ne suka kawo shi da takardu. Kekenka shi ne abincin gidanku, wataƙila ma ba ka gama biyan mai shi ba. Kada ka zuba, kuma ka gaya wa abokanka na tasha su ma kada su zuba.